Zan raka Inna Umra: in canza sefa nan Yamai ko in bari sai Makka?

ɗan_Boukoki ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Don Allah wanda ya sani ya taimaka min kar in je in yi ɓarna da kuɗin mutane.

In Allah ya yarda wata mai kamawa zan raka tsohuwata Umra. Ni fitata ba ta wuce Kwatano da Lome ba, can kuwa kun sani sefarmu ce ake ci, ka sauka daga mota ka sa hannu aljihu ka sayi abinci kamar kana Wadata, don haka ban taɓa sanin wani abu wai shi canji ba. Ajans ta riga ta karɓi kuɗin jirgi da biza da otel da motar da za ta kai mu Madina, abin da ya rage shi ne guzuri, wato abinci da tsaraba da ɗan abin da ba a rasa ba. Mun haɗa da yayyena ya kama miliyan 1 da jika 200, ban da na saƙo, don tun da labari ya fita kowa sai ya zo da jika 10 jika 20 a sayo mishi jallabiya ko dabino, har da gwaggota da ta kawo jika 5 tana son zoben azurfa da tasbaha da turare mai kyau, na ce to Gwaggo Allah ya sa albarka.

Yanzu matsalar kowa da tashi shawara. Babban yayanmu ya ce in je wajen ƴan canjin Babbar Kasuwa in sayi riyal tun nan in huta. Abokin aikina ya ce a'a yuro zan saya. Maƙwabcinmu Alhaji ya ce dolar, ya ce wanda ya je Saudiyya ba dolar ya je da wahala. Na shiga bankinmu yarinyar da ke gishe ta ce me zai sa in ɗauki tsabar kuɗi, in yi kart Visa kawai in riƙa cirewa can. Ita kuma Inna ta ce kowa ya ƙyale ta da sefarta, za ta ƙulle a lalita, an gaya mata Makka cike take da Hausawa za su canza mata.

Kaina ya ɗaure wallahi. Wanne ne ba a cin mutum sosai? Kuma nawa aka yarda mutum ya fita da shi ta filin jirgi ba tare da an tsare shi ba?

Sarkin_kabukabu ya rubuta:

Dolar ɗan uwa. Dolar kawai. Amma ka yi wa Inna bayani da kyau dolar Amurka ake nufi, kar ka ce mata kuɗin duka sun koma dala dubu biyu ta lissafa da dalarmu ta ga jika 10 ta ce kun cinye mata dukiya 😂

Hajiya_mai_turare ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya kai mahaifiyarka, Allah ya ba ka masu yi maka.

Ni ban yi boko mai zurfi ba amma hanyar nan na bi ta ya fi sau goma, tsakanin Jidda da Dubai, don kayan turare da abaya nake saro wa. Abin da zan fara ce maka, ka rarrashi Inna ta rabu da maganar lalita. Gaskiya ne akwai Hausawa, in ka bi titin Ibrahim Khalil ka gangara Misfala za ka ji Hausa kamar kana Katako, kuma za ka samu wanda zai karɓi sefa, amma da farashin da ya ga dama zai karɓa don ya san ba ka da inda za ka kai ta. Shagunan canji na gaskiya masu allo da lasisi, waɗanda ke ƙarƙashin dogon ginin agogo da kewayen Harami, ka duba allonsu za ka ga dolar, yuro, fam na Ingila, kuɗin Indonesiya, na Pakistan, na Turkiyya, da wuya ka ga sefa. Sefa in ta fita ƙasashenmu marainiya ce.

Ni abin da nake yi, kashi uku nake raba kuɗin. Kaɗan nake canzawa riyal tun nan Yamai, kamar riyal 300 ko 400, duk da na san nan ta fi tsada, don in kun sauka Jidda da tsakar dare da harami a jikinka da tsohuwa ta gaji ba lokacin neman mai canji ba ne, kuma na filin jirgi su ma ba su da sauƙi. Za ka buƙaci ruwa, shayi, pus ɗin waya wato SIM, mai tura keke in Inna ba za ta iya Safa da Marwa da ƙafa ba, ga aski bayan an gama. Ka roƙi mai canjin ya ba ka ƙanana, ƴan 5 da 10 da 50, kar ka yarda ya miƙo maka ƴar 500 guda ɗaya, wanzami ba zai samu canjinta ba. Babban kason kuma dolar nake saya. Na ukun a kart, don ko ba komai in an yanke maka jaka kana da abin komawa.

Dolar ɗin ma ka buɗe ido. Ka ce ƴan 100 kake so sababbi, masu shuɗin zare a tsakiya, waɗanda suka fara fita 2013. Tsofaffin nan masu ƙaramin kai ko kyauta aka haɗa maka da ragi kar ka karɓa, wata tafiyata na sha wahala da guda uku, shago huɗu na shiga suna tura min abina, daga ƙarshe na dawo da su gida. Wadda ta yage ko aka yi rubutu da biro a kai ko mai tabon mai ita ma haka. Ka ƙirga a gabansa, ka ɗaga kowace ka duba, kunya ba ta cikin wannan. Kuma ƴan 100 da 50 sun fi ƙananan samun farashi a wurare da yawa.

In kun isa kar ka canza duka rana ɗaya. Dolar 200, 300, in ta ƙare ka koma. Ka tafi da fasfo ɗinka don suna tambaya, ka karɓi resi. Shago biyu uku ka leƙa kafin ka miƙa, duk kusa da juna suke.

Sai maganar ajiya. Wajen ɗawafi da bakin ƙofofi lokacin fitowa salla cunkoso ne na gaske, kuma ba duk wanda ya sa fari ne ya je ibada ba, Allah ya shirye mu. Harami ba shi da aljihu, to ka sayi bel ɗin nan mai zip. Rabin kuɗi wajenka, wani abu wajen Inna a jakar wuya ƙarƙashin hijabi, saura a akwati a kulle. Kuma ka ba ta riyal ƴan ƙanana a hannunta ta riƙa sadaka da sayen abin da ranta ke so, tsofaffi ba su son komai sai sun roƙi ɗa.

Kuɗin saƙo kuwa ka rubuta a takarda, wane jika kaza ya zama riyal kaza, in ba haka ba ka dawo ka sha magana. Ta Gwaggo dai ka shirya cikawa daga aljihunka.

Kontabil_Plateau ya rubuta:

Hajiya ta gama magana ta fannin aiki, ni bari in ɗan sa lissafi don a ga dalili, saboda maganar "dolar ta fi" ko "yuro ya fi" ba a yanke ta da rantsuwa.

Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655,957, wato kusan sefa 656, haka yake tun 1 ga Janairu 1999 bai motsa ba. Kafin nan da faran na Faransa aka ɗaure ta, manyanmu suna tuna Janairun 1994 da aka karya darajarta rabi dare ɗaya. Ita kuma riyal a ɗaure take da dolar, dolar 1 riyal 3,75, tun 1986. Dirhamin Dubai ma haka, 3,6725. To ka ga kana tashi daga gidan yuro za ka shiga gidan dolar, ko ta wace ƙofa ka bi sai ka tsallake wannan ramin da ke tsakanin yuro da dolar, shi ne ke hawa da sauka kullum. Ba wanda zai kauce mishi. Abin da kawai ke hannunka shi ne ribar da ƴan canji biyu za su ci, na nan da na can.

Amfanin yuro shi ne nan Yamai ba a iya rufe maka ido. In mai canji ya ce 670, ka san 14 ya ɗora a kan kowane yuro, a kuɗinka wajen jika 25 ke nan. In ya ce 690 ka san ya wuce gona da iri ka ƙara gaba. Dolar kuwa ba ta da tsayayyen farashi a nan, sai ka duba waya ka ga na ranar, kuma sau da yawa abin da suke ɗorawa ya fi na yuro, balle lokacin Umrar azumi da Hajji da kowa ke nema. Amfanin dolar kuma can ne, ba a iya rufe maka ido, dolar 100 ɗinka riyal 375 ce, in an rage kaɗan ne, 372, 373.

Ga yadda za ka gwada, lambobin misali ne kawai na sa, ranar da za ka saya ka sa na gaskiya. A ce dolar 600 nan, can a ba ka 3,73, ka raba, riyal ɗaya ta tsaya maka wajen sefa 161. A ce yuro 670 nan, can a ba ka 4,20, riyal ta tsaya 159 da rabi. Sai ka tambayi mai sayar da riyal nan kai tsaye, in ya ce 170 ko 175 ka ga da idonka abin da ya sa Hajiya ta ce kaɗan za ka saya. Farashin yuro a Makka kuwa ka sa wani da ke can ya ɗauko maka hoton allon shago ta WhatsApp, ajans ɗinku ba za ta rasa mutum can ba. Wata rana dolar ta ci, wata rana yuro, kuma in ka ga bambancin bai wuce sefa 1 ko 2 a riyal ba kar ka wahalar da kanka, ɗauki wanda ka samu sababbin takardu. Yuro dai ka guji ƴar 500, an daina fitar da ita tun 2019, tana aiki har yanzu amma wurare da yawa ba su son ta. Wani abu kuma, in kuɗi ya rage ka dawo da shi, yuro ya fi sauƙin mayarwa sefa ba asara mai yawa.

Kart yanzu. Yarinyar banki ba ta yi ƙarya ba amma ba ta gama maka bayani ba. Na farko ka duba kart ɗin da ke hannunka, in alamar GIM-UEMOA kaɗai ke jiki to iyakarta ƙasashe takwas ɗinmu, Nijar, Benin, Togo, Burkina, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gine Bisau, a Makka roba ce kawai. Sai mai Visa ko Mastercard. Akwai wadda ake zuba wa kuɗi tun kafin tafiya ba ta haɗe da kont ɗinka, ni ita na fi so don ko an sace iyakar abin da ke ciki ke nan. Ka nema da wuri, ba ranar jajibirin tafiya ba. Ka tambaye su abu huɗu su rubuta maka: an buɗe ta don waje, nawa ne plafon wato iyakar cirewa na rana da na sati, nawa suke cira duk cirewa ɗaya, kashi nawa suke ɗorawa na canji. Yawanci akwai wani tsayayyen kuɗi da ake cira ko riyal 50 ka ciro ko 1000, don haka cirewa kaɗan kaɗan asara ce, gara ka ciro mai kauri sau biyu ko uku.

Sannan in na'urar ta tambaye ka, ko ta cirewa ko ta biya a kanti, wai a lissafa maka da riyal ko da yuro ko dolar, kullum ka zaɓi riyal. In ka zaɓi ɗayan, su ne za su yi maka canjin da nasu farashi, kuma ba don Allah suke tambaya ba. Ga maganar kod ɗin da banki ke turowa ta mesaj in za ka biya ta intanet, misali tikitin jirgin ƙasan Haramain da ke tsakanin Makka da Madina, to lambar Nijar ɗinka zai zo wa, kar ka cire pus ɗinka ka bar shi gida, ka sa a buɗe maka shi don waje.

Kuma dai kar ka dogara ga kart kaɗai. Mu da muka ga 2023 bayan takunkumi, mutum da kuɗinsa a banki yana layi tun asuba a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade, ba sai an yi mana wa'azin riƙe tsaba ba.

Ba'adare_na_Tawa ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni daga Tawa nike, Makka ban tahi ba tukuna Allah shi kira mu, amma bariki kam mun sha ta, Abidjan, Duwala, Kumasi, Tamanrasat, babu inda ƙahwata ba ta taka ba tun ina yaro. Yaro ka ji maganar Hajiya, sefa ba ta da dangi waje.

Kai ko inda ta ke da dangin ma. Zuwana Duwala na hwarko na ɗauka sefa sefa ce, tunda suna guda daraja guda. Na sauka na miƙa ma mai abinci jika guda tamu ta BCEAO, matar ta juya ta ta juya ta ta maido min, ta ce wagga ba tasu ba ce. Ashe su can tasu ta bankin BEAC ce, Kamaru da Cadi da Gabon da sauransu, takardar daban. Sai da wani ɗan garinmu ya kai ni wajen masu canji anka cire min wani abu bisa kowace jika, kuɗɗina da na sha rana na tara, sefa zuwa sefa, har yau abin na ci min rai. Ghana kuma wata rikita ce, sun yanke sifiri huɗu ga sidi tun 2007 amma tsohhin kasuwa sai ka ji suna kiran miliyan, kai ka zabura, ashe sidi 100 suka nuhi. In ba ka tambaya ba wane lissahi a kai, ka biya abin da ba shi ne ba.

Najeriya ko, mu nan Konni ce ƙofarmu, ƴan canji na zamne bakin hanya da damman naira awa tubali. Farkon 2023 bayan sun sake takardun 200 da 500 da 1000 na ga mutane da buhun tsohuwar naira suna kuka, kuma ka shiga Sakkwato da kuɗɗi cikin waya ba ka samun tsaba sai ka saye ta wajen masu POS. Tun daga nan na koyi abu guda, kuɗɗin ƙasar wani ba a kwana da su da yawa. Ka canza wanda za ka ci, in za ka komo gida ka kashe saura ko ka maishe su tun can.

Abin da ni ka ƙara maka, ka kiyayi mai tare ka bisa hanya shi ce zo in ba ka farashin da ya hi na shago. Hannunsu ya hi ido sauri, shi ƙirga gabanka daidai, shi amshe shi ce bari in sa maka roba, ka isa masauki ka ishe tsakiyar ta zube. An yi min ita sau guda, ba a kuma ba. In kuɗɗi sunka shiga hannunka kar su koma nashi, ko da mi za shi ce.

A gaishe da Inna, ta sa mu addu'a wurin Ka'aba, ta roƙa muna damina mai albarka.

ɗan_Boukoki ya rubuta:

Kai na gode ƙwarai, Hajiya, yaya Kontabil, baba na Tawa, Allah ya saka da alheri. Na duba kart ɗina yanzun nan, GIM ce kawai a jiki, da na tafi da ita da na sha kunya. Gobe zan koma banki.

To ga wata kuma. Jiya wani da muke salla tare ya ce duk in bar wannan wahala, in ba shi sefar nan, ƙanensa na zaune Makka shekara da shekaru, in mun isa in kira shi ya kawo min riyal har otel, farashin da ya faɗa ma ya fi duk wanda na ji sauƙi. Mutumin ba baƙo ba ne a unguwa. Ya kuka gani? Kuma ba wanda ya amsa min maganar iyakar abin da ake fita da shi.

Malam_na_Lazaret ya rubuta:

Ɗan uwa wannan ta biyun akwai magana a ciki ta fuskar addini, tunda ibada za ka je gara ka sani. Canjin kuɗi da kuɗi malamai suna ce mishi sarfu, kuma sharaɗinsa in jinsin ya bambanta, kamar sefa da riyal, a yi ƙari ko ragi yadda aka daidaita ba laifi, amma ya zama hannu da hannu a zama ɗaya. Asalin hukuncin a kan zinariya da azurfa ya zo, duk wanda ya karanta Risala ya wuce wurin, kuma malaman zamani sun ɗora kuɗin takarda a kai. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta fi tsanani a kan jinkiri a wannan babi. To ka ba da sefa yau a yanke farashi, riyal sai bayan sati uku, ka ga inda matsalar take. Abin da malamai da yawa suka sauƙaƙa shi ne irin na banki da gidajen aika kuɗi, inda ake canzawa nan take a ba ka resi tabbatacce, sun ɗauki wannan a matsayin karɓa. In kana son bin hanyar mutumin, mafita ita ce ka bar sefar wajen yayanka, ranar da ƙanen nasa ya zo otel da riyal ka kira gida a miƙa a lokacin, kana karɓa ana bayarwa. Allah ne mafi sani.

Hajiya_mai_turare ta rubuta:

Malam ya ba ka mafita mai kyau, kuma ko ba don hukunci ba ita ce ta hankali. Ba zan ɓoye maka ba mu ƴan kasuwa muna yin irin wannan, amma da mutanen da muka shekara goma muna hulɗa, wanda na san shagonsa na san gidan surukansa. Kai tafiyarka ta farko ce da tsohuwa a hannu. Ko mutumin kirki ne, a ce ƙanen ya tafi Jidda, ko wayarsa a kashe, ko ya ce gobe, gobe ta zama jibi, kana Makka ba ko riyal ɗin shayi, wa za ka kama? Kuma farashin da ya fi na kowa sauƙi ni tsoro yake ba ni ba daɗi ba. Na san wata baiwar Allah da muka sauka otel ɗaya, kwana huɗu muna ciyar da ita tana jiran mai kawo kuɗi, ya kawo daga baya amma rabi, sauran sai bayan ta dawo gida da watanni.

In dai ka ga kunyarsa za ta hana ka ƙi, ka ce mishi kuɗin na yayyenka ne sun riga sun canza.

Malam_na_Lazaret ya rubuta:

Hajiya ban da koya mishi ƙarya zai tafi ɗakin Allah 😅 Ya ce ya yi shawara an hana shi, gaskiya ce kuma ta isa.

Kontabil_Plateau ya rubuta:

Maganar iyaka, afuwan na tsallake ta. Dokar canji ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan namu, ta 2010 ta ce mazaunin ƙasashenmu da zai fita waje yana iya ɗaukar takardun kuɗin waje har kwatankwacin sefa miliyan 2 kowane mutum kowace tafiya, abin da ya haura sai ta kart ko wata hanyar banki. An sabunta dokar a ƙarshen 2024, don haka tunda gobe za ka banki ka sa su faɗa maka abin da ake aiki da shi yau. Ku dai biyu ne da miliyan 1 da ɗoriya, kuna ƙasa sosai. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne ka saya wajen mai lasisi ya ba ka resi da sunanka, ka ajiye cikin fasfo, in ƴan duwan sun tambaya a filin jirgin Diori Hamani ka nuna ka wuce. Na bakin hanya ba shi da resin da zai ba ka.

Ta ɓangaren Saudiyya, lokacin da na je ƙa'idar ita ce abin da ya kai riyal 60.000 sai ka bayyana, dolar 16.000 ke nan, kuma zinariya na shiga lissafin. Wannan damuwar su Hajiya ce ba taka ba.

Wani abu da na manta, in jirginku zai tsaya Adis Ababa ko Istanbul na awoyi, ka ware ƴan dolar ko yuro ƙanana na shayin Inna, kar ka fasa ƴar 100 a ba ka canji da kuɗin ƙasar da ba za ka sake takawa ba. Kuma farashin kaya a manyan kantunan Saudiyya akwai harajin kashi 15 a ciki tun 2020, kar ka ga resi ka ɗauka cutarka aka yi.

ɗan_Boukoki ya rubuta:

Salam jama'a, mun dawo shekaranjiya lafiya lau, Alhamdu lillahi, duk na sa ku a addu'a, baba na Tawa an roƙa maka damina har sau biyu, Makka da Madina.

Yadda na yi: riyal 400 daga nan, na raba sauran tsakanin dolar da yuro don ranar da na je lissafin yaya Kontabil ya fito kusan kunnen doki, jika 250 kuma na zuba a kart. Mutumin masallaci na ce mishi an hana ni, ya ɗan yi fushi kwana biyu ya huce. Riyal 400 ɗin nan su suka cece mu daren farko, ƙafar Inna ta kumbura tun cikin jirgi sai keke aka tura ta. Kart ta yi aiki Madina, a Makka wata na'ura ta ƙi ta sau biyu gabana ya faɗi, na matsa ta gaba ta ba ni. Kuskure ɗaya na yi, a wani kanti yaron ya danna min yuro kafin in ankara, da na duba mesaj na ga bambancin, ba yawa amma ya yi min ciwo tunda an gaya min.

Inna kuwa ashe ba ta ji magana ba, ranar da za mu bar Madina ta kwance lalita ta fito da jika 30 da ta ɓoye tun gida wai in canzo mata za ta ƙara dabino. Na karɓa na ba ta riyal daga nawa, sefar na dawo da ita Yamai a aljihuna, da ita na biya taksi daga filin jirgi. Gwaggo ta samu tasbaha da turare, zoben ta ce ba irinsa take nufi ba.

Riyal 85 sun rage min, akwai mai tafiya kwanan nan ya karɓa?